Kuɗin ƙungiya kowa na biya, amma su wa ke zama da gwamnati?

Duk ƙarshen wata ana cire kuɗin ƙungiya daga albashin malama kamar yadda ake cirewa daga na malam, ba a yi mata rangwamen komai. Alƙaluman UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma sun nuna kusan kashi biyu cikin uku na malaman firamare a duniya mata ne. Ke nan a wurare da yawa da guminsu ƙungiyoyin malamai ke tafiya. Amma ranar da za a zauna da gwamnati kan albashi da ƙarin girma, sau da yawa sai ka tarar tawagar maza ce, an haɗa da mace ɗaya don kada a yi magana.

Amfanin ƙungiya ba abin musu ba ne. Malami shi kaɗai ba ya iya ja da ma'aikatar ilimi, shi ya sa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta tabbatar da 'yancin kafa ƙungiya a yarjejeniya mai lamba 87 ta 1948, da na tattaunawa da murya ɗaya a mai lamba 98 ta 1949. Abin tambaya shi ne, wa ke rubuta jerin buƙatun da ake kaiwa teburin?

Abin da ya faru a Ingila ya isa darasi. Malamai mata sun daɗe cikin babbar ƙungiyar malaman ƙasar suna neman a daidaita albashinsu da na maza. A 1919 mambobi suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da hakan, sai wasu maza suka fusata suka kama hanyar kafa tasu ƙungiyar don adawa da daidaiton. Su kuma matan, ganin shugabanni na jan ƙafa, suka ɓalle a 1920 suka tsaya da ƙungiya ta mata zalla. A lokacin, hukumomin ilimi da dama kan sallami malama da zarar ta yi aure, sai dokar ilimi ta 1944 ce ta hana. Albashi kuwa bai daidaita ba sai 1961, a shekarar ce ma matan suka rufe ƙungiyarsu. Shekara arba'in malamai na rarrabe gida uku, kuma babu wanda ya fi mai biyan albashi jin daɗin wannan rabuwar. Don haka ba na goyon bayan mata su ware. Amma shugaban da ba ya son su ware, dole ya ba su dalilin zama.

Ba ma wasu sababbin abubuwa suke nema ba. Shawarwarin da ILO da UNESCO suka amince da su kan matsayin malamai ranar 5 ga Oktoba 1966, ranar da yanzu ake bikin Ranar Malamai ta Duniya, sun faɗi ƙarara cewa aure ba zai hana ɗaukar mace aiki ko ci gaba da shi ba, kuma ba a sallamar malama saboda juna biyu ko hutun haihuwa. Sun nemi a yi tunanin wurin renon yara, a kuma yi ƙoƙarin tura mai iyali aiki kusa da gidanta. Yarjejeniyar ILO ta shekarar 2000 ta sa hutun haihuwa aƙalla mako 14, ta 2019 kuma ta shafi cin zarafi a wurin aiki. Duk suna nan a rubuce. Sai dai idan tattaunawa ta yi zafi aka zo sassauci, irin waɗannan buƙatu ne ake fara sadaukarwa, domin wanda ke zaune a teburin ba shi ne aka taɓa yi wa canjin wurin aiki da goyo a baya ba.

Nan ne nake da ja da kujerar “shugabar mata”. Ba laifi ba ce a kanta, amma takan zama ɗakin ajiya: duk abin da ya shafi malamai mata a tura can, a ba ta shirya taro da tarbar baƙi, kasafin kuɗi da shawarar yajin aiki kuwa su tsaya inda suke. Wakilci na gaske shi ne mace a kujerar sakatare, a kujerar ma'aji, da cikin tawagar tattaunawa, kuma kundin tsarin ƙungiya ya tanadi hakan da adadi.

Wasu kan ce ware kujeru zai kawo marasa cancanta, ko kuma matan ne ba sa tsayawa takara. Na farkon ba ya ma bukatar dogon amsa, ganin cewa Mary Hatwood Futrell ta Amurka ce ta fara shugabantar ƙungiyar malamai ta duniya, Education International, da aka kafa a 1993, kuma Susan Hopgood ta Ostireliya ta riƙe ta daga 2009 zuwa 2024. Na biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai a bi dalili. Taron reshe da ake farawa bayan an tashi aiki ya kai dare, ko babban taro na kwana uku a wani gari babu tanadin masu shayarwa, ya riga ya tace masu halarta tun kafin a zo zaɓe. Gyara wannan ba ya jiran izinin kowace gwamnati. Kwamitin zartarwa na reshe zai iya sauya lokacin taro a zama guda, ya kuma fara fitar da adadin mata a kowane mataki na shugabanci duk shekara, mambobi su gani da idonsu.