Ba kullum ƙiyayya ke sa a goge rubutun addini a Wikipedia ba

Na gaji da jin cewa duk rubutun addinin da aka goge a Wikipedia ƙiyayya ce ta jawo. Ban musa ba, akwai masu son zuciya cikin masu gyara. Amma sau da yawa ƙa'ida ce kawai. Wikipedia ta Ingilishi ba ta ƙara "SAW" bayan sunan Manzon Allah, kamar yadda ba ta sa wa Fafaroma laƙabinsa na girmamawa a gaban suna.

In an goge babu bayani, buɗe tarihin shafin. Sunan wanda ya goge na nan, rubutunka ma bai ɓace ba. Tambaye shi a shafin tattaunawa, ka kawo madogara. Kada ka yi ta mayarwa, don wuce sau 3 cikin awa 24 kan sa a toshe ka.