Wa Ke Yanke Hukuncin Takardar Da Za A Ƙona A Ofisoshin Gwamnati?

Wata safiya na sayi ƙosai a kusa da Kasuwar Wunti a nan Bauchi, da na isa gida na warware ƙunshin sai na tarar takardar da aka naɗe shi a ciki shafi ne daga fayil ɗin wata ma'aikata. Mai ya jiƙa rabinta, amma sunan ma'aikacin da lambar fayil ɗinsa da matakin albashinsa duk suna karantuwa, ga hatimi ga sa hannun wani jami'i a ƙasa. Washegari na tambayi mai ƙosan inda take samun irin waɗannan takardu, ta ce wani yaro ne ke kawo mata a buhu tana saye. Ita ba ta da laifi ko kaɗan, domin abin ƙunshi ta saya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tsakanin teburin jami'in da ya sa hannu da kaskon suyarta, tilas akwai lokacin da wannan takarda ta tashi daga matsayin shaidar gwamnati ta koma shara, kuma da wuya a sami mutum guda da zai ce shi ne ya yanke wannan hukunci bayan ya duba ya auna.

Ba ina cewa a adana kowace takarda ba ne, kuma duk wanda ya taɓa leƙa rajistar wata ma'aikata, wato sashen kula da fayilolinta, ya san hakan ba zai yiwu ba. Gwamnati tana haifar da takarda kullum: takardun neman hutu, sanarwar taro, rasit ɗin man mota, kwafi huɗu na wasiƙa ɗaya. Ko a Amurka, hukumar adana takardun ƙasar tana cewa kashi 1 zuwa 3 cikin 100 kacal na takardun gwamnatin tarayya ake ajiyewa har abada. Abin da ya bambanta su da mu shi ne yadda ake zaɓen wannan kaɗan ɗin. A inda aikin ya kankama, kowace ma'aikata tana da rubutaccen jadawali wanda ya jera nau'o'in takardunta, ya kuma faɗi tsawon ran kowane nau'i tun kafin a buɗe fayil ɗin: wannan shekara biyu bayan an rufe shi, wancan har sai mai binciken kuɗi ya gama da shi, wani kuma ba a taɓa shi har abada. Masu tsara jadawalin suna duba ko ofis yana buƙatar takardar don aikinsa, ko wata doka ta tilasta ajiye ta, ko haƙƙin wani mutum ya rataya a kanta, sannan ko jikoki za su buƙace ta don su fahimci yadda aka yi mulki. Kuma ma'aikatar da ta haifi takardar ba ta da ikon hallaka ta ita kaɗai, sai wani daga waje ya amince.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan tsari yana cikin dokokin Nijeriya tun da daɗewa. Masanin tarihi Kenneth Dike ne ya zagaya ofisoshin gwamnati a farkon shekarun 1950 yana duba halin da tsofaffin takardu suke ciki, kuma rahotonsa ne ya sa aka kafa ofishin adana su a 1954, wanda ya zama Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa mai manyan rassa a Ibadan da Enugu da Kaduna. Dokar 1992 da ke tafiyar da wannan ma'ajiya ta ɗora wa shugabannin ofisoshi alhakin kula da takardunsu, ta hana hallaka su ba da yardar daraktan ma'ajiyar ba, ta kuma ce takardun ma'ajiyar da suka kai shekara 25 da rubutawa a buɗe su ga jama'a. Dokar bayar da kwangilolin gwamnatin tarayya ta 2007 ta ce a ajiye takardun kowace kwangila shekara 10 daga ranar da aka bayar da ita. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba ga jami'in da ya lalata takardar da ke hannunsa da gangan ko ya yi mata ƙwange, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa wannan doka ta hau kan jihohi ma. Tsarin mulkin ƙasa kuwa ya bai wa majalisar dokokin kowace jiha ikon yin doka a kan takardun gwamnatin jiharta, saboda haka 'yan majalisar Bauchi da na Gombe ba su buƙatar jiran Abuja a kan wannan batu.

To amma wa ke yanke hukuncin a zahiri? A galibin ofisoshin da na shiga, musamman na ƙananan hukumomi, gara ce da yoyon rufi. Fayil yakan bar teburin akawu ya koma kan kabad, daga nan a ɗaure shi da igiya tare da 'yan'uwansa a kai sito, a jibge su a ƙasa kusa da tsofaffin tayoyi da karyayyun kujeru. Damina biyu ta wadatar. Wata rana sai a yi sabon shugaba mai son a share masa ɗaki, ko a tashi fentin ginin, ko a koma sabuwar sakatariya, sai a ce wa masinja ya kwashe wannan tarkace, shi kuma ya ƙona wanda ya ruɓe ya sayar da wanda ya yi saura. Babu wanda ya yi niyyar cutar da kowa a cikinsu, kuma wannan ne ma ya sa abin ke da wuyar magani, domin ba a jin an yi wani hukunci balle a tambayi wanda ya yi shi. Rajista kuma, wadda ita ce ƙwaƙwalwar ma'aikata, an mayar da ita wurin da ake tura wanda ake son a huta da shi.

Na ga ƙarshen wannan sakaci da idona a kan kawuna, wanda ya karantar a makarantun firamare fiye da shekara talatin. Da ya je tantancewar fansho aka ce ya kawo takardar kama aiki ta farko, tasa kuwa ta tafi tare da akwatinsa a wata gobarar gida shekaru da yawa da suka wuce. Ya ce a duba fayil ɗinsa, ai akwai kwafi a ciki. Aka duba aka ce babu fayil. Na raka shi sau uku, kuma ba zan manta da akawun da ya buɗe mana ƙofar sito ba, mutum mai ladabi, ya nuna tulin takardun da suka manne da juna kamar tubali ya ce, "Baba, wallahi in yana nan to yana cikin waɗannan, amma ka gani da idonka." Kawu ya tsaya yana kallon tulin, bai ce komai ba, ya gyara hularsa muka fito. Ofishin ne ya ɓatar da shaidar, amma dattijon da ba shi da hannu a ɓatan shi aka ɗora wa nauyin nemo ta, kuma shi ne ya yi watanni babu ko sisi.

Akwai kuma hallakarwar da ake yi da gangan, kuma Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Turawan mulkin mallaka sun bar mana misali babba. Lokacin da suke shirin miƙa mulki a ƙasashe daban-daban, sun tace takardun da ba su son sababbin gwamnatoci su gani, suka ƙona wasu suka kwashe wasu zuwa Ingila a asirce. Sai a 2011, bayan wasu tsofaffin 'yan Kenya da aka azabtar a zamanin tawayen Mau Mau sun kai ƙara kotun Landan, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayiloli daga tsofaffin yankunan mallakarta 37, har da Nijeriya. A 2013 ta amince ta biya fam miliyan 19.9 a kan ƙarar 'yan Kenya 5,228. Da an ƙona waɗannan fayilolin kamar yadda aka ƙona 'yan'uwansu, da maganar tsofaffin nan ta tsaya a matsayin zargin da babu mai tabbatar da shi. A gida kuma, duk lokacin da gobara ta tashi a ofishin kuɗi, tun daga ta dogon ginin hukumar sadarwa a Legas a 1983 har zuwa ta ofishin Akanta Janar na Tarayya a Abuja a 2020, tambayar farko da jama'a ke yi ita ce waɗanne takardu ne suka ƙone. Ko da gobarar tsautsayi ce zalla, ofishin da ba shi da jerin abin da yake ajiye da shi ba zai iya wanke kansa ba, kuma jami'i mai gaskiya shi ne ya fi kowa asara a wannan hali.

A ganina babban kuskuren da ake yi, har a ƙasashen da suke da tsari, shi ne auna darajar takarda da ma'aunin ofis kawai. A 2010 ma'aikatar cikin gidan Birtaniya ta hallaka tarin katunan sauka na mutanen da suka shigo ƙasar daga tsibiran Karibiyan bayan yaƙin duniya na biyu, saboda a wurinta tsofaffin katuna ne da suka cika ɗaki. Bayan 'yan shekaru aka fara neman waɗannan mutane su kawo shaidar lokacin da suka shigo, wasu suka rasa aiki, aka tsare wasu, aka kori wasu daga ƙasar da suka tsufa a cikinta, har abin ya ci kujerar ministar cikin gida a 2018. Takardar da ta gama amfani ga ofis sau da yawa ita ce kaɗai abin da talaka zai riƙe. A wajenmu irin waɗannan su ne fayilolin ma'aikata, rajistar filaye, takardun biyan diyyar gonakin da aka karɓa don hanya ko madatsar ruwa, littattafan kotunan alƙalai da ke ɗauke da rabon gado, da taswirorin burtali da makiyaya. Rikicin iyakar gona ko na burtali yakan taso ne bayan shekara arba'in, lokacin da dagacin da ya shata iyakar da shaidunsa duk sun riga mu gidan gaskiya. Ba banza ba ne aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta zama wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu.

Wanda ya je ma'ajiyar Kaduna ya nemi fayilolin Lardin Bauchi, wanda a da ya haɗa har da Gombe, zai ga wani abu mai kama da haka. Rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta don yanka haraji, masu ƙidayar gidaje da shanu da majemu da marina ƙauye bayan ƙauye, a zamaninsu aikin yau da kullum ne wanda babu mai ɗaukarsa tarihi. Yau su ne ɗaliban tarihi ke tafiya takanas su karanta, kuma ana komawa gare su idan gardamar iyaka ko ta sarauta ta taso. Abin da ke damuna shi ne, mai bincike zai iya samun bayanin wata gunduma ta shekarun 1920 cikin sauƙi fiye da bayanin wannan gundumar na shekarun 1980, alhali an kafa Jihar Bauchi tun 1976, aka fitar da Gombe daga cikinta a 1996, kuma dukan abin da gwamnatocin nan suka yi na hannunmu ne, babu Baturen da za mu ɗora wa laifi.

Masu cewa kwamfuta za ta warware komai suna da gaskiya ta wani gefen, kuma aikin mayar da bayanan filaye cikin na'ura da jihohin biyu suka sa a gaba abin yabo ne. Sai dai na'ura ba ta amsa tambayar me za a ajiye, ta ma ƙara mata nauyi ne. Umarnin da a da ake rubutawa a cikin fayil yanzu ana bayar da shi ta WhatsApp, wasiƙun aiki suna tafiya ta adireshin imel na ƙashin kan jami'i, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki sai ya tafi da su a aljihunsa. Gara takan ɗauki shekaru kafin ta cinye fayil, amma goge bayani a kwamfuta daƙiƙa ɗaya ne kuma ba ya barin toka. Ta ɗaya gefen, dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ce kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsu, wanda ke nufin akwai takardun da hallaka su wajibi ne, kamar kwafin katin shaida da takardun masu neman aikin da ba a ɗauka ba. Amma hallakawa na nufin a yayyaga ko a ƙona a gaban shaidu, kuma takardar da na warware ƙosai daga cikinta ba a adana ta ba, ba a kuma hallaka ta ba.

Abin da nake roƙon majalisun dokokin Bauchi da Gombe bai kai kuɗin gina kilomita ɗaya na titi ba. Su tilasta wa kowace ma'aikata da kowace ƙaramar hukuma ta fitar da jadawalin takardunta a fili, su hana hallaka ko da fayil ɗaya sai da sa hannun jami'in adana takardu wanda ba ya ƙarƙashin ma'aikatar, tare da mai binciken kuɗi idan takardar kuɗi ce, kuma a rubuta sunan duk abin da aka hallaka da ranar da dalilin a littafin da shi kansa ba a hallaka shi. Sama da duka, a rubuta cikin doka cewa idan ofis ya ɓatar da fayil ɗin mutum, nauyin sake gina shi yana kan ofis, kuma ba za a tsayar da haƙƙin mutumin ba kafin a gama. Ranar da ɓatan fayil ya zama asarar ofis, ranar za a gyara rufin sito.

Kawu ya sami fanshonsa daga ƙarshe, ta hanyar da babu wanda ya zata. Wani tsohon abokin aikinsa ya tuna cewa hedimastan makarantarsu ta farko yana da al'adar rubuta duk abin da ya faru a makaranta cikin wani babban littafi mai baƙin bango. Muka je ƙauyen muka same shi a zaure, ya sa jikansa ya ɗauko littafin daga cikin adaka, naɗe a leda, ya buɗe da hannu mai rawa har ya kai shafin da ya rubuta ranar da sabon malami ya iso da lambar takardar da aka turo shi da ita. Da wannan shafi da rantsuwar kotu aka buɗe wa kawu sabon fayil. Littafin yana ɗauke da sunayen malamai da yawa da suka ratsa ta makarantar, kuma da muka tashi tafiya hedimastan ya mayar da shi cikin ledarsa ya sa aka kulle a adaka, domin a cewarsa tun da ya yi ritaya babu wani ofis da ya taɓa aikowa a karɓa.