Yadda Kogin San Antoniyo Ya Cinye Mini Hula

Shekara 17 ke nan ban cire hula a bainar jama'a ba. Dalili kuwa sanƙo ne, irin wanda ya taso daga goshi bai yada zango ba sai ƙeya. Da wannan sirri na tafi Amurka ziyarar ɗan yayata da ke aiki a Hustan, jihar Teksas.

Ran Asabar ya ce, "Kawu, ai ba ka koma gida ba ka ga Alamo ba." Na zuba babbar riga ta shadda, na kafa zannata wadda na fi ji da ita, muka kama hanyar San Antoniyo, tafiyar awa uku. Tun a mota yake karanta mini tarihi: yadda a 1836 Janar Santa Anna na Meziko ya yi wa wurin, wanda sansanin mayaƙan Teksas ne a lokacin, ƙawanya kwana 13, yadda mutum wajen 200 da ke ciki suka ƙi miƙa wuya, har aka gama da su da asubahin 6 ga Maris. Yana zuba, ni kuma ina gina ganuwa a raina, mai tsayi da kauri, wadda sai ka ɗaga kai hula ta faɗi kafin ka ga ƙarshenta. Ashe bakina ne zai kama ni.

Muka isa tsakiyar gari, ga otal-otal, ga shagunan sayar da riguna da askirim. Na ce, "To, ina Alamon?"

"Kawu, ga shi a gabanka."

Wani ɗan ginin dutse ne mai tozo a ka kamar na raƙumi. Wallahi masallacin Juma'ar unguwarmu ya fi shi girma. Ashe asalinsa mazaunin 'yan mishan ne na Sifaniyawa da aka kafa a 1718, kuma yawancin katangar da aka yi yaƙin a kanta gari ya riga ya haɗiye ta. Tozon ma da ake ta ɗauka a hoto ba ya nan lokacin yaƙin, sojojin Amurka ne suka ɗora shi a 1850. Na dai yi shiru, baƙo ba ya raina abin da masu gida ke taƙama da shi.

A bakin ƙofa yaron ya raɗa mini, "Kawu, a nan maza kan cire hula, don girmama mamatan." Na duba, kowane ƙato ya riƙe tasa a hannu. Na yi tunanin in ce kaina ke ciwo. Na tuna mutanen nan kwana 13 suka yi ana yi musu ruwan harsashi, ni minti goma kawai ake nema. Na cire. Iska ta taɓa inda ta daɗe ba ta taɓa ba. Wani yaron Bature ya ƙura wa kaina ido, ina jin fuskarsa yake dubawa a ciki. Ɗan yayata kuwa, da bai taɓa gani ba tun da aka haife shi, sai ya tsunduma karatun sunayen mamata, kafaɗunsa na rawa.

Da muka fito na mayar da hula, mutunci ya dawo. Muka gangara matakala zuwa bakin kogin da ya ratsa garin, can ƙasa da titi, gidajen abinci jere dama da hagu. Kogi dai sunansa kogi, amma mai jini a jika zai iya jefa dutse ya tsallake. Muka shiga jirgin 'yan yawon buɗe ido. Daf da wata 'yar gada, na leƙa don in ɗauki wasu agwagi a waya, in tura wa jikoki.

Sai ji na yi kaina ya yi sanyi.

Ga zannata can tana tafiya a kan ruwa cikin natsuwa, agwagi biyu na yi mata rakiya. Na yi salati da ƙarfi har wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Matuƙin jirgin ya ce in kwantar da hankalina, lokaci-lokaci akan janye ruwan a kwashe taɓo, ana tsintar wayoyi har da kujeru. Na tambaya ko yau za a janye. Jirgi duka ya ɗauki dariya.

Don rufin asiri yaron ya sayo mini hular kaboyi. Na juya ta na ce, ai wannan malafa ce aka yi wa guga. Haka na ƙarasa yini, babbar riga a ƙasa, malafar Teksas a sama, Turawa na tare ni suna roƙon hoto.

Kafin mu koma Hustan hoton ya shiga zauren WhatsApp na dangi. Ba na malafar ba, wanda ya ɗauka a jirgi. Hajiya ce ta fara magana: "Alhaji, Alamon ne wannan mai ƙyalli?"