Haddar kwamfuta daban, sanin kwamfuta daban

Tun jiya da na ba ku labarin ɗan yayata da aikinsa mai shafi 14 da ya bi iska, ake ta ba ni haƙuri wai tsautsayi ne. Wane irin tsautsayi? Yaro ya shekara uku yana cin jarrabawar darasin kwamfuta, ya zauna awa biyar yana buga rubutu bai adana ko sau ɗaya ba, batir ya mutu, sannan ya zo yana tambayata ina rubutun ya shige. Ni laifin koyarwa na gani.

Ku buɗe littafinsa ku sha kallo. Ya haddace cewa an ƙaddamar da ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, a Amurka a 1946, da kwalaben lantarki kusan 18,000 a cikinta. Ya san Charles Babbage, wanda ake kira uban kwamfuta. Zamunan kwamfuta biyar kuwa zai zubo maka su ba gargada. Madalla! To sai a tura wa Babbage saƙo ya zo ya dawo masa da aikin.

Abin da ya fi ƙona min rai, amsar tana cikin littafin nan, da rubutun hannunsa: RAM ma'ajiya ce ta wucin gadi. Ya rubuta, an ba shi maki, ya wuce. Ba wanda ya nuna masa cewa duk abin da kake bugawa a RAM yake zaune, ita kuwa da wuta take tunawa, wuta na yankewa ta manta komai. Adanawa shi ne kwafe aikin zuwa ma'ajiyar dindindin, wadda ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Darasin minti goma ne fa. Malam ya sa ɗalibi ya buga sunansa, a kashe na'urar, a kunna, a ce ya nemo. A sake, wannan karon a adana. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai ƙara mantawa ba.

Wani ya ce min ai manhajojin yanzu da kansu suke adanawa. Wasu, eh. Ranar da ba su yi ba fa? Wani kuma ya ce makarantu ba su da isassun kwamfutoci. Malam, wayar da ka rubuto min wannan da ita kwamfuta ce, da ƙwaƙwalwar sarrafawa da RAM da ma'ajiya duk a ciki. Ɗalibi nawa ne za su iya bambance wayar da ta yi nauyi saboda manhajoji sun cika RAM, da wadda ta ƙi karɓar hoto saboda ma'ajiya ta cika? Ba su sani ba, don hadda aka ba su.

Kada a ce ina yaƙi da ilimin tushe, wallahi ina son sa. Ranar da na fahimci cewa harafin A a wurin kwamfuta lamba 65 ce, ana rubuta ta 01000001, bit takwas ke nan (kowane 0 ko 1 bit ɗaya ne), bayit guda, kuma hoto da murya duk lambobi ne haka, daɗi ya hana ni barci. Irin wannan daɗin nake wa yaranmu kwaɗayi, su taɓa, su lalata, su gyara.

Af, na nuna wa ɗan yayar tawa alamar adanawa na tambaye shi hoton mene ne, ya ce ƙaramin talabijin. Faifan filofi ne, ɗan murabba'in roba da muke yawo da shi a aljihu, mai cin megabayit 1.44. Yawancin hotunan wayar yau ko guda ba zai shiga ba. Ina da biyu a wani tsohon akwati, amma na'urar da za ta karanta su ce na rasa.