Kayan tarihin da na tura wa dangi

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ingila ne ya ce tunda na zo, sai ya kai ni York. Ni kuwa da daddare na kwana ina haddar shekaru, don kada yaro ya raina ni. Muna shiga jirgin ƙasa na gyara zama na buɗe masa karatu: Romawa ne suka kafa garin a shekara ta 71, suna kiransa Eboracum, a nan sojoji suka naɗa Constantine sarkin daular Rum a 306, mayaƙan Viking, mutanen arewacin Turai, kuma suka ci garin a 866. Shi dai "haka ne, Kawu" kawai yake, ido na kan waya.

Mun ɗan taka kan ganuwar garin, wadda tsawonta ya haura kilomita 3. Gwiwata ce ta yanke shawarar mu sauka.

Sai gidan tarihi na Jorvik, sunan da 'yan Viking suka ba garin ke nan. An gina shi ne a daidai inda masana suka yi haƙa daga 1976 zuwa 1981, a unguwar Coppergate. Damshin ƙasar wurin ya hana katako da fata ruɓewa, har aka tono abubuwa kusan 40,000, ciki har da takalma da matazai. Ana zaunar da kai a wata kujera mai tafiya da kanta, ta ratsa da kai cikin layin unguwa yadda yake shekara dubu da suka wuce, ga mutum-mutumi suna motsi suna yarensu.

Ba mu yi nisa ba wani wari ya daki hancina. Na duba ƙasan takalmina, tas. Na saci kallon wata tsohuwar Baturiya da ke gefe, ita murmushi ma take. Saura mutum ɗaya. Na zungure shi na ce ƙasa-ƙasa, "Kai, a gaban baƙi? Ba ka iya riƙewa?"

"Kawu, wallahi ba ni ba ne."

"To ni ne?"

Ashe da gangan ake sakin warin, don ka shaƙi garin yadda yake a da: hayaƙi, kifi, jima, har da masai. Ban gama borin kunya ba sai ga mu gaban wani mutum-mutumi tsugune a bayan ɗan shinge, ya yamutsa fuska yana nishi. Yaro ya nuna shi ya ce, "Kawu, ga mai laifin can, ka yi masa faɗa."

Da muka sauka na ƙudurta sai na dawo da girmana. Cikin wani akwatin gilashi na hango wani abu dogo, ruwan ƙasa, an ɗora shi da martaba. Tabarau na cikin jaka, kuma mai ilimi irina ina ruwansa da karanta allo? Na ce, "Ka ga wannan? Ƙotar wuƙa ce. Dubi yadda maƙerin ya murɗa ta don ta zauna a hannu." Na ɗauki hoto, na tura zauren danginmu na WhatsApp da rubutu: "Makamin jaruman da."

Yaro ya dafe ciki, hawaye na zuba. Da ƙyar ya karanta mini allon. Bayan gida ne. Na wani ɗan Viking, ya daskare ya zama dutse. An tono shi a 1972, tsawonsa santimita 20. Masana sun gano nama da burodi ne cimar mai shi, kuma tsutsar ciki ta addabe shi. Har faɗuwa ya taɓa yi a 2003 ya karye uku, aka zauna aka liƙe shi. Wai akwai wanda aikinsa ke nan ranar.

Hannu na rawa na ciro waya in goge. Mutum goma sha ɗaya sun riga sun gani. Yayata ta rubuta, "Masha Allah, in ana sayar da irinsa ka taho wa Alhaji da ɗaya."