Ba guguwa ba ce, ku daina kiran abin guguwa

Na sake cin karo da kanun nan mai cewa wai "polar vortex ta afka wa Amurka", sai ka ce ɓarawon da ya haura katanga da tsakar dare, masu fassara kuma suka laƙaba mata "guguwar ƙanƙara". Madalla da wannan basira.

Abin da ake magana a kai wani zobe ne na iska mai tsananin sanyi da ke kewaya ƙurewar arewacin duniya, can sama tsakanin kilomita 10 zuwa 50, wanda yake ƙulluwa kowace shekara idan rana ta ƙaurace wa yankin a lokacin hunturunsu. Muddin yana da ƙarfi, sanyin yakan zauna a ciki kamar awaki a garke, sai shingen ya lalace ne mutanen ƙasa suke ji a jikinsu. Haka aka yi a farkon Janairun 2021, lokacin da saman ya ɗumama kwatsam, zoben ya raunana, bayan 'yan makonni sanyi ya gangara har jihar Texas ta Amurka, miliyoyin gidaje suka kwana babu wuta, mutum fiye da 200 suka rasu. Tun 1952 masanin yanayi Richard Scherhag ya gano irin wannan ɗumamar a Berlin, don haka batun ba na jiya ba ne.

Amma laifin ba na 'yan jarida kaɗai ba ne. Su kansu masanan suna kiran abubuwa biyu da wannan suna ɗaya, domin akwai wani zoben a ƙasa-ƙasa, inda gajimare suke, wanda ba ya gushewa duk shekara. Bayan kalmar ta cika kafafen yaɗa labarai a 2014, sai a 2017 masana uku, Waugh da Sobel da Polvani, suka rubuta takarda guda don warware ruɗanin.

Za a ce mini wanda ke rawar ɗari ba ruwansa da kilomita. To, suna linzami ne. Irin wannan ruɗanin ya bai wa Donald Trump damar tambayar ina ɗumamar yanayi ta shiga a Janairun 2019, yayin da Chicago ke daskarewa.

Shi kuma wanda ya rubuto mini cewa abin ne ya kawo mana hazo a Kano, ina sanar da shi cewa iskar hunturunmu daga Sahara take busowa, yawancin ƙurar kuwa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi.