A kori baban bola, sai wa ya kwashe matattun kayan lantarkin Abuja?

Tun watan Janairun 2025 da hukumar birnin tarayya ta hana baban bola yawo a cikin gari, ta kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu, wasu ke ta yabon matakin kamar an kashe bakin tsanya. An ce a cikin baban bolan ake samun masu sace murafun magudanan ruwa na kan titi. Ɓarawo a kama shi, ba wanda ya hana. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu wanda ya tambaya: tsohuwar talabijin, mataccen firji, batirin inbata da ya daina riƙe caji, wa ke bin lungu yana kwashe su in ba waɗannan yaran ba?

Duk sanda aka kira taron masu ruwa da tsaki kan sharar kayan lantarki, fuskokin sanannu ne. Ga NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ga hukumar muhalli ta Abuja, ga ƙungiyar EPRON da aka kafa a 2018 don ta tattara masu ƙera kayan da masu shigo da su. Mai tura baro, wanda kayan ke bi ta hannunsa kullum, da wuya a ba shi kujera. Ana aski ne ba mai kai.

Doka kuwa ba a rasa ba. Ƙa'idojin kayan lantarki na 2011, waɗanda aka gyara a 2022, sun ɗora wa mai ƙerawa da mai shigowa alhakin kayansa har bayan ya mutu. To, mai karatu, ka taɓa sayen waya a kasuwar wayoyi ta Banex aka nuna maka inda za ka mayar da ita idan ta lalace? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na wannan shara a 2022, kuma a Afirka abin da aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sauran yana hannun mutanen da muke kora, ko yana bola.

Ba ina wanke su ba ne. Na tsaya na ga yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba yana fasa batiri da gatari, ruwan batirin na malala kusa da silifas ɗinsa, gefe guda an cinna wa tulin wayoyin lantarki wuta don a ciro jan ƙarfe, baƙin hayaƙi na bi ta kan mai sayar da abinci. Dalmar da ke cikin batirin nan ita ce gubar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Korarsa daga Wuse ba ta kashe wutar ba, ta mayar da ita Dei-Dei da bayan Mpape ne kawai, inda talaka ke kwana.

Masu cewa a bar wa manyan kamfanonin sarrafa shara aikin su faɗa mana wace motar kamfani za ta shiga lungun Nyanya saboda fanka guda.

A yi wa yaran nan rajista ta hannun shugabannin panteka, a ba su shaida. A buɗe wuraren karɓar kaya da za su biya fiye da abin da yaro ke samu idan ya ƙona. Kuɗin kuma ya fito daga aljihun masu shigo da kwantena, kamar yadda doka ta ce tun 2011.